Awon ƙashi a dunduniya: mai sayar da ƙwaya bai kamata ya riƙe na'urar ba

Gwaggona ta dawo daga wani taron mata da aka yi a unguwarsu riƙe da 'yar takarda da robobin ƙwayoyi biyu, hankalinta a tashe. Wasu matasa ne masu fararen riguna suka zo da na'ura, aka yi shela wai awon ƙashi kyauta. Ta cire takalmi, aka shafa mata wani mai mai sanyi a dunduniya, ta zura ƙafa cikin wani ɗan akwati, kafin ta gyara zama takarda ta fito. Mai awon ya zagaye wata lamba da jan biro, -2.7, ya ce, "Hajiya, ƙashinki ya zaizaye, ko yaushe kina iya karyewa." Sai ya nuna mata teburi na gaba. Awon dai kyauta ne. Ƙwayoyin kuwa sun cinye mata kuɗin cefanen kwanaki.

"Ɗan nan, duba mini," ta ce. "Wai da gaske ƙashina ya ƙare?"

Matsayina a kan wannan lamari ba mai tsawo ba ne. Na'urar da ke auna gudun sauti a cikin ƙashi ta gaskiya ce, tana da amfani, kuma ƙasashe irin namu sun fi Turai buƙatarta. Amma lambar da take fitarwa ba hukuncin cuta ba ce, kuma duk wanda ke da ƙwayar sayarwa a teburi na gaba bai cancanci ya riƙe ta ba. Wurinta asibitin unguwa ne, a hannun wanda ya san iyakarta.

Abin da na'urar take saurare

Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne. Mai lafiya ƙararta daban, mai tsaga daban. Aikin na'urar ke nan, sai dai sautin da take amfani da shi ya wuce jin kunnen ɗan Adam. Kunnenmu yana tsayawa a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana aika mai girgiza daga 200,000 zuwa sama. Dangin sikanin da ake yi wa masu ciki ce, amma ba hoto take ɗauka ba. Bakuna biyu gare ta, ɗaya a kowane gefen dunduniya. Wannan ya saki sauti, wancan ya karɓa, na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya ƙetare, da kuma yawan abin da ƙashin ya shanye a hanya.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, kusan 1,500 cikin ruwa, wajen 1,540 cikin tsokar jiki. A cikin tauraron ƙashi irin na ƙwauri yakan haura 3,000 har ya kai 4,000. Dunduniya kuwa ba haka take ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙashinta saƙa-saƙa ne mai ramuka cike da ɓargo, don haka gudun sauti a can bai yi nisa da na tsoka ba, yana kewayen 1,500 zuwa 1,600. An zaɓe ta ne saboda irin wannan ƙashi mai saƙa shi ke fara lalacewa idan mace ta daina al'ada, ga shi naman da ya rufe ta kaɗan ne, gefunanta biyu kuma a baje suke.

A lura da abu ɗaya a nan, domin zai dawo. Tsakanin dunduniyar budurwa mai ƙarfi da ta tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye, bambancin gudun bai fi wajen mita 100 a daƙiƙa ba. Sautin yana ƙetare dunduniyar ne cikin abin da bai kai kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa ba, kuma a cikin wannan ɗan ƙyaftawar ake neman bambancin. Kuskure kaɗan ya isa ya mayar da mai lafiya majinyaciya.

"Ai damfara ce kawai"

Haka wani abokina ya ce da na ba shi labari, kuma na gane dalilinsa. Mun ga na'urorin da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe a hannu, kwamfuta ta zayyano masa ciwon hanta da na ƙoda da na mara gaba ɗaya. Waɗancan shirme ne. Wannan ba ta cikinsu.

A 1984 Christian Langton da abokan aikinsa a Ingila suka wallafa aikin da ya nuna cewa yadda ƙashin dunduniya ke shanye sauti yana bambanta tsofaffin da suka karye a ƙugu da waɗanda ba su karye ba. A 1996 wani bincike a Faransa mai suna EPIDOS ya bi mata fiye da 5,600 masu shekara 75 zuwa sama. Waɗanda awonsu ya yi ƙasa sun fi karyewar ƙugu, kuma duk mataki ɗaya da awon ya sauka, haɗarin yana kusan ninkawa. A 2004 aka sake ganin haka a yankin Norfolk na Ingila, a kan maza da mata kusan 15,000. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura tun 1998. Ko a nan gida, a farkon shekarun 2000 likitoci a Jos tare da masu bincike daga Jami'ar New Mexico sun yi ta auna dunduniyar 'yan Najeriya da ita suna wallafa sakamakon.

Ga kuma falalarta a fili. Ba ta da tururin da hoton ƙashi ke da shi, mutum ɗaya zai ɗauke ta ya sa a bayan mota, ba ta buƙatar ɗaki na musamman, kuɗinta bai kama ƙafar na DXA ba, wato babbar na'urar asibiti da ke auna ma'adinin ƙashi da hoto. Wanda ya ce a yi watsi da ita gaba ɗaya bai yi wa tsofaffinmu adalci ba.

Inda lambar ta wuce gona da iri

Matsalar tana cikin wannan -2.7 da aka zagaye da jan biro. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: wadda makinta ya kai -2.5 ko ya gaza haka, tana da zaizayar ƙashi. Makin yana nuna nisan da ke tsakanin ƙashin mutum da na matasan mata masu lafiya. Amma ma'aunin da aka gina aikin asibiti a kansa shi ne na yawan ma'adinin ƙashi, wanda DXA ke aunawa a ƙugu da ƙashin baya. Ba gudun sauti a dunduniya ba.

Ƙungiyar ƙwararrun masu awon ƙashi ta duniya, ISCD, ta fayyace wannan tun 2007. Ta ce dunduniya ce kaɗai gurbin da aka tabbatar da amfanin awon sauti a cikinsa, kuma yana iya hasashen karaya a matan da suka daina al'ada da mazan da suka haura 65. Ta kuma ce ba a ɗaukar makin na'urar dunduniya a ɗora shi kan iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a ce wa mutum yana da cutar, ba a kuma amfani da ita wajen duba ko magani yana aiki. Wato abubuwa biyun da masu tallan nan suka fi yi, yanke wa mutum hukunci da kuma cewa "ki sha na wata uku ki dawo mu sake aunawa", su ne daidai abin da masu sana'ar suka hana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane kamfani da irin lissafinsa da kuma jama'ar da ya auna ya mayar ma'auni, galibi matan Amurka ko Turai ko Asiya. Mace ɗaya za ta sa ƙafa a na'urori biyu a rana ɗaya ta sami maki biyu mabambanta. Sannan ga abubuwan da ke rikita awon. Kumburin ƙafa yana sauya shi. Sanyi ko ɗumin dunduniyar yana sauya shi. Idan ƙafar ta ɗan karkace, sautin ya bi ta wani gefen ƙashin daban. Iska kuwa babbar abokiyar gabar wannan sauti ce, shi ya sa ake shafa mai don toshe duk wata kafa tsakanin fata da bakin na'ura. Yanzu a kawo dunduniyar tsohuwar da ta shekara sittin tana taka ƙasa da silifa, cikin hunturu, ga kaushi ga faso. Wane ne a cikin matasan nan ya tsaya ya duba? Masu ƙera na'urar sun ce a riƙa gwada ta da wani ma'auni na musamman kafin a fara aikin yini, don a tabbatar ba ta kauce ba. Ina shakkar wanda ke sauri ya auna mata ɗari kafin azahar yana da wannan lokacin.

"Da babu gara ba daɗi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. DXA kaɗan ce a ƙasar nan, tana manyan birane, kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Idan an ce wa Gwaggo awon dunduniya ba hukunci ba ne, ta je ta yi DXA, ina za ta? Ashe bai fi a bar ta da abin da ta samu ba?

Amsata ita ce, awo yana da amfani ne gwargwadon abin da aka yi da shi. Idan mace ta sami maki mai kyau kuma ba ta da wata alamar haɗari, na'urar ta yi aiki, an kwantar mata da hankali ba tare da ta yi doguwar tafiya ba. Wannan ma shi ne babban amfaninta, tace waɗanda ba su da matsala. Idan makin ya yi ƙasa, abin da ya kamata ya biyo baya tambayoyi ne, kuma tambayoyin sun fi lambar nauyi. Shekarunki nawa? Yaushe kika daina al'ada? Kin taɓa karyewa don kawai kin zame kin faɗi daga tsaye? Mahaifiyarki ko mahaifinki ya taɓa karyewar ƙugu? Kin rage tsawo, bayanki ya fara rankwafawa? Wane magani kike sha?

Tambayar ƙarshen nan ta fi damuna. Ƙwayoyin da 'yan mata ke saye a kemis don su yi ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne. Shi da ɗan uwansa prednisolone ana cusa wa tsofaffi su cikin haɗin maganin ciwon gwiwa da sanyin ƙashi, ana sha wata da watanni ba likita. Wannan rukunin magani yana cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashi. Masu sikila da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki su ma ƙashinsu yana buƙatar sa ido. Mai talla ba zai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin amsar ba ta sauya abin da zai sayar.

Akwai kuma ɓarnar da ba a lissafawa. Tsohuwar da aka tsorata takan daina fita, ta daina zuwa unguwa, ta koma zaman tabarma don tsoron karaya. Ƙashi kuwa da ɗaukar nauyin jiki yake riƙe ƙarfinsa, tsoka ma haka. A ɗaya gefen, wadda ta taɓa karyewa a wuyan hannu daga 'yar faɗuwa, amma na'urar ta ba ta maki mai kyau, sai ta tafi gida da murna alhali ita ce ta fi buƙatar likita.

"Mu baƙar fata ƙashinmu da ƙarfi"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa maganar ta daɗe. A Amurka an sha ganin baƙaƙen mata ba su kai farare karyewar ƙugu ba. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda masu binciken Birtaniya ƙarƙashin Ann Prentice suka shekara da shekaru suna aiki, an sami matan da kalsiyam ɗin da suke samu a abinci bai fi wajen miligiram 300 zuwa 400 a rana ba. Wani rahotonsu na 1996 ya nuna tsofaffin matan can ma'adinin ƙashinsu ya yi ƙasa sosai, amma karayar tsufa ba ta yawaita a cikinsu ba.

Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, lambar da aka gina a kan matan wata nahiya ba lallai ta faɗi abu ɗaya a kan namu ba. Wannan hujja ce a kan mai jan biro, ba hujjar naɗe hannu ba. Kowa a cikinmu ya san tsohuwar da ta zame a banɗaki ko a wurin alwala, aka ce ƙugu ya goce, aka kira mai ɗori, daga nan ba ta sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Mukan ce tsufa ne, kwana ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma ko a ƙasashen da ake yin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba ya cika shekara. Ina ga inda za a kwantar da ita a ɗaki wata uku?

"To ai kalsiyam ne kawai, me zai yi mata?"

Jama'armu da dama ba sa samun isasshen kalsiyam, wannan gaskiya ne. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos suka nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da masu bakan ƙafa, sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Don haka ba ina cewa ƙwayar ba ta da wuri ba.

Amma abu biyu. Na farko, ba ruwan sha ba ce. A babban binciken da aka wallafa a Amurka a 2006 kan mata fiye da 36,000, waɗanda aka ba kalsiyam da bitamin D sun fi samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100, raguwar karyewar ƙugu kuma ba ta fito fili ba idan an haɗa su duka. Na biyu, wadda ƙashinta ya zaizaye da gaske, kalsiyam shi kaɗai ba zai riƙe ta ba. Akwai magungunan da aka tabbatar suna rage karaya, irin su alendronate da ake sha sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin awa. Likita ne ke rubuta shi bayan ya duba ƙoda. Saboda haka mai lafiya ta yi asarar kuɗi, marar lafiya kuma ta ɗauka ta sami magani alhali ba ta samu ba.

Kuɗin robobin nan biyu da ya tafi kan nono da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, da ya fi. Abin da ya rage a sa ƙwan lantarki a hanyar banɗaki, a gyara simintin da ke santsi, a kafa ƙarfen dafawa, a kai ta a duba yanar ido. Yawancin karayar ƙugu daga faɗuwa take zuwa, kuma babu mai samun kamasho a kan hana faɗuwa.

Inda ya kamata a ajiye ta

Ina so in ga na'urar a asibitocin ƙananan hukumomi, a hannun ma'aikaciyar jinyar da aka koya wa zaunar da ƙafa daidai, da gane kumburi, da yin waɗancan tambayoyi. A auna waɗanda suka dace, matan da suka daina al'ada da dattawan maza, ba 'yar shekara ashirin da biyar da ta rako kakarta ba. A cire kalmar cutar daga takardar sakamako, a bar abu biyu: haɗari kaɗan, ko a ga likita. Hukumar NAFDAC, wadda rajistar na'urorin asibiti da ƙwayoyin ƙarin sinadarai ke hannunta, da hukumomin lafiya na jihohi, su hana haɗa awo da ciniki a zaure ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin mata da na Islamiyyu da ke ba da wuri da kyakkyawar niyya, su riƙa tambaya tun farko: bayan awon akwai abin sayarwa?

Sai babban aikin, wanda ya rataya a wuyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A 2008 Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar da wani lissafi mai suna FRAX, wanda ke ƙiyasta haɗarin karayar mutum cikin shekara goma daga irin tambayoyin da na jero, ko da babu awon DXA. Amma ya fi dacewa a gina wa kowace ƙasa nata daga adadin karayar mutanenta. Afirka ta Kudu da Botswana sun sami nasu ne bayan sun zauna sun ƙirga karayar ƙugu a asibitocinsu.

A wurinmu ƙirgan asibiti kaɗai ba zai wadatar ba, domin mai ɗori ake fara kira, sau da yawa kuma a wurinsa maganar ke ƙarewa. Dole a shigo da maɗora cikin aikin, ta hannun masu unguwanni da sarakunan ɗori inda ake da su. A ba kowane littafi ya riƙa rubuta shekarun wanda aka kawo, mace ko namiji, inda ya karye, da yadda ya faɗi, wani ma'aikaci ya riƙa zagayawa duk ƙarshen wata yana kwashe bayanan. Idan aka haɗa wannan da awon dunduniyar wasu dubban dattawa aka bi su shekara biyar, za a san wane gudun sauti ne abin damuwa a ƙafar 'yar Kura ko 'yar Maraɗi.